Abin da aka tattauna kan shawarar da nas ke yankewa a gefen gadon majiyyaci

Na bi duk bayanan da ma'aikatan jinya suka yi a tattaunawarsu kan wannan batu, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa numfashi ne kan fara tona asirin majiyyacin da jikinsa ke taɓarɓarewa. Baligi kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Da yawa sun amsa cewa idan aiki ya yi yawa sukan rubuta 18 ba tare da sun ƙirga ba. A tsaya a kalli ƙirji, a ƙirga minti guda cif.

2. Kafin ba da magani a tabbatar da majiyyacin, da maganin, da adadinsa, da hanyar ba shi, da lokaci. Majiyyaci ya faɗi sunansa da bakinsa, kada a dogara da lambar gado. Sinadarin potassium kuwa, wanda ake ƙara wa majiyyaci in ya yi ƙaranci a jininsa, ba a tura shi kai tsaye cikin jijiya, sai an sirka shi.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce in awo ya nuna lafiya lau, a bar majiyyaci ya huta. Tsofaffin hannu suka ce a'a. Dattijon da jiya yake ta hira, yau ya rikice har bai san inda yake ba, a kira likita ko da hawan jini da zafin jiki suna daidai. Ni dai ina bayan tsofaffin hannun.

4. Ke nas, in umarnin likita bai kwanta miki a rai ba, ki sake tambaya, ki rubuta lokacin da amsar da ya bayar.