Kalmar "aboki" ta hargitsa zauren 'yan Arewa mazauna Legas

Mai Goro Agege: Salam jama'a. Jiya na kalli wani fim, raina ya ɓaci. Tsoho mai gadi ɗan shekara 70 da yaro mai tura baro a kasuwar Mile 12, wai sun ƙulla abota. Kwano ɗaya suke ci, yaron yana ce masa "abokina". Raini ake koya wa yara, ba komai ba.

Ɗan Idi-Araba: Alhaji, ni kalmar ce ma ta tsaya min a wuya. In kwandastan motar haya ta danfo ya daka maka "aboki!" ai ba zumunci yake nufi ba. Mai ruwa aboki, mai wankin takalmi aboki, likita ma in ya sa hula aboki ne.

Hajiya Mai Atamfa: Don wasu sun ɓata kalmarmu sai mu yar da ita? Kuma jika da kaka ba abokan wasa ba ne? Jikana har kishiya yake min barazana da ita.

Bazamfare: Hajiya, abokin wasa daban, aboki daban. Amma ku haifaffun Legas ina kuka san wannan.

Ɗan Idi-Araba: Wa ye haifaffen Legas? Kakana a jirgin ƙasa ya sauka Agege fataucin goro, kai kuwa da babur ka zo. Da aka hana acaɓa a Ikeja a 2022, gidan wa ka kwana?

Bazamfare: Gori za ka min? To kawo dubu 15 ɗina tukuna.

Hajiya Mai Atamfa: Subhanallahi, ku ji tsoron Allah.

Mai Shayi Obalende: Wai a ƙarshe me ya faru da tsohon?

Mai Goro Agege: Rabi na gani, wuta ta ɗauke. Amma rabin ya isa.

Bazamfare: Dubu 15 dai.

Shugaban Zaure: To, an rufe. Abin da na fahimta, kowa ya yarda mu da aka haifa a nan mun fi sanin zafin kalmar nan, kuma Ɗan Idi-Araba ne ya kawo hujja. Bazamfare, maganar bashi ka bi shi ta waya. Alhaji kuma ka turo mana fim ɗin.