Baƙar lakar Neja Delta: matacciya ce ko mai rai?

Ɗan Bautar Ƙasa: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya munka shiga kwalekwale cikin kurmin mangurof nan Bayelsa, itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwan gishiri. Na taka lakar, baƙa ƙirin, wari sai ka ce ruɓaɓɓen ƙwai. Ni dai na ce wagga ƙasa matatta ce, babu komi cikinta sai cuta. A cike ta da yashi a yi gini, kowa ya huta.

Malama: Wa alaikumus salam ƙanena. Warin nan da ya kore ka shi ne shaidar tana da rai. Ƙasa kaɗan da saman lakar iskar oksijin ta ƙare, sai bakteriya, ƙananan halittun da ido ba ya gani, irin su Desulfovibrio su koma numfashi da salfet, wani sinadari mai farar wuta da ke cikin ruwan teku. Abin da suke fitarwa, iska mai farar wuta, shi ne warin ƙwan. In ta haɗu da sinadarin ƙarfen da ke cikin laka, sai lakar ta yi baƙi.

Ɗan Bautar Ƙasa: Malama, to ai iri guda ke nan, kuma mai wari.

Malama: Ina! Hawa-hawa suke zaune. Na sama suna cin ganyen da ya zubo, wasu suna kama naitirojin daga iska su ciyar da itacen, wasu kuma farar wutar nan ce abincinsu. Mafi yawansu ma ba su tsirowa a faranti a ɗakin gwaji, sai ta hanyar karanta ƙwayar gadonsu ake sanin suna nan.

Baba Marini: Ɗiyata, ni ban yi boko ba, amma zancenki ya shiga kunnena. Rijiyar marina in an zuba baba da toka, sai ta kwana da kwanaki ta yi wari kafin ta kama zane. Wadda ba ta wari mu ita muka kira matatta.

Malama: Baba, wallahi kun gama darasin. Bakteriya ne ke narkar da shunin a can ƙasa inda babu iska, shi ya sa zanen ke fitowa kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi.

Mai Kemis: A yi hankali dai, kada a mai da taɓo zuma. Vibrio cholerae mai kawo amai da gudawa gidansa ke nan, inda ruwan gishiri da na daɗi suka gauraya. Yaron nan bai yi ƙarya duka ba.

Malama: Gaskiya ne Alhaji, ban ce ya ɗiba ya sha ba. Amma kai da kanka kana sayar da 'yan uwan streptomycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka samo a 1943 daga bakteriyar ƙasa. Danginta, Streptomyces, suna cikin lakar mangurof, masu neman sabon magani na tono su.

Direban Tanka: To in haka ne mi za a kashe kuɗi wajen share ɗanyen man da ya malala cikin lakar? A bar bakteriyar su cinye abinsu mana.

Malama: Nan kam ban bi ka ba, Yaya. Masu cin mai da sauri, irin su Pseudomonas, sai da oksijin. Da man ya nutse ta ramukan ƙaguwa zuwa inda babu iska, aikin ya koma tafiyar hawainiya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan malalar mai a ƙasar Ogoni, nan Neja Delta, a 2011 cewa ya yi gyaran na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Ɗan Bautar Ƙasa: Na janye maganar yashi. Amma takalmina har yanzu yana waje, abokan ɗakina sun hana shi shiga.

Baba Marini: In za ka taho hutun Sallah, cika muna gora guda. In gwada ta da tawa rijiyar, mu ga wadda ta fi wari.