Tseren Motoci a Titunan Birni: Shawarwarin da Aka Tattara

Mahalarta wata tattaunawa kan shirya tseren motoci a titunan birni sun amince cewa bai kamata hukumomin birni su ruɗu da cikar otal-otal na kwana uku a lokacin tseren ba, domin ba a sanin riba sai an cire kuɗin gyaran tituna, kafa shingaye, tsaro da abin da ake biyan masu gasar. Sun kawo misalin Balensiya ta Sifaniya, wadda ta karɓi gasar tseren motoci ta Formula 1 daga 2008 zuwa 2012, aka daina, aka bar gwamnatin yankin da bashi. A Baltimo ta Amurka ma, tseren IndyCar shekara uku kacal ya yi, daga 2011 zuwa 2013. Singafo kuwa tana cin gajiyar tserenta na dare da ta fara a 2008, amma gwamnati ce ke ɗaukar kashi 60 cikin ɗari na kuɗin shiryawa.

Shawarar da ta fi muhimmanci a ganina ita ce a biya ƙananan 'yan kasuwa diyyar makonnin da aka toshe hanyoyin shagunansu. An kuma nemi a bayyana wa jama'a yarjejeniyar da ke tsakanin hukumomin birni da masu gasar, sannan a damƙa lissafin riba da asara ga masana masu zaman kansu.