Kujera ɗaya ga mutanen Nasarawa: adalci ne?

Ɗan Gama: Jama'a, abin nan ya daɗe yana cin raina. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Nasarawa tana da mutum kusan dubu 600, amma ɗan majalisa ɗaya tal gare mu a majalisar dokokin Kano. Warawa ba ta kai dubu 150 ba, ita ma ɗaya. In ka raba mutanen jihar, miliyan 9 da 'yan kai, a kan kujeru 40, kowace kujera mutum dubu 235 ya kamata ta ɗauka. Daga Hotoro zuwa Dakata har Gwagwarwa, mutum ɗaya zai saurari kukanmu? An danne mu 'yan birni.

Alhaji na Ƙofar Mata: Tsaya yaro. Su wa ye 'yan birni? Tun yaushe Gama ta shiga cikin ganuwa? Ku 'yan waje ne, haka muka taso muka ji.

Ɗan Gama: Baba, da girmanka, ba wannan na kawo ba. Maganar kujera nake.

Alhaji na Ƙofar Mata: Ka gyara kalmar tukuna. Birni shi ne cikin badala, Dala da Gwale da tsakiyar gari. Fagge ma da ke bakin ƙofa ba ta taɓa cewa ita birni ce ba.

Bafage: Alhaji, a bar Fagge ta huta. Kantin Kwari a wajenmu yake, ku ne kuke fitowa neman abinci kullum da safe.

Maman Ummi: To ni a Brigade aka haife ni, a nan na aurar da 'ya'yana. Yau kuma a ce min baƙuwa ce?

Alhaji na Ƙofar Mata: Hajiya, ban ce baƙuwa ba, na ce waje.

Maman Ummi: Duk ɗaya ne a bakinku. Mun san yadda kuke faɗin ta.

Malamin Makaranta: Don Allah a dawo kan batu. Sashe na 91 na tsarin mulki ya ce majalisar jiha ba za ta wuce kujeru 40 ba, Kano kuwa ta cike su. Ƙananan hukumomi 44 ne, shi ya sa aka haɗa Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, Bagwai da Shanono, Tsanyawa da Ghari. Kafin Nasarawa ta samu ta biyu sai an karɓe ta wani. Rabon mazaɓun nan tun 1996 yake, hukumar zaɓe ta INEC ce ke da alhakin sake shi.

Ɗan Garun Malam: Ka ji! Mu da muke raba ɗan majalisa da Kura ba mu yi kuka ba, sai masu kwalta da asibitoci. Kuma wato ta mutanen karkara za a karɓe a ba ku? Shinkafar da kuke ci daga ina take zuwa?

Bafage: Wa ya ce a karɓe taku? Kai ma ka cika ɗaukar zafi.

Jar Hula: Alhaji ya yi gaskiya. Birni inda Gidan Rumfa yake, can sarki yake zaune.

Sadauki: Wane sarkin? Akwai wanda ke gidan sarki na Nasarawa, kuma magana tana kotu.

Jar Hula: Dama na san inda ka dosa. Ku da kuka yayyanka masarauta gida biyar a 2019 ba ku da bakin magana.

Sadauki: Ku da kuka yi rusau fa?

Ɗan Gama: Subhanallahi. Ni fa kujera na tambaya.

Shugaban Zaure: Na rufe wannan muhawara haka, an fara shiga siyasa. Abin da aka tsayar: yawancin masu magana sun yarda Nasarawa ba birni ba ce, kuma mu da muka tashi a cikin ganuwa mun fi kowa sanin iyakarta. Ɗan Gama, ka nemi afuwar Alhaji, sa'an mahaifinka ne. Batun kujera kuwa Malam ya nuna doka ta hana ƙari, don haka babu abin tattaunawa a ciki.