Neman asalin sunayen dangi na Faransa: abin da aka tattaro

Shawarar da kowa ya amince da ita a wata tattaunawa da aka yi kan gano asalin sunayen dangi na Faransa ita ce kada a fassara suna da Faransancin yau. Sunayen dangi sun fara zama gado ne wajen ƙarni na 12 zuwa na 13, lokacin da jama'a suka ƙaru, sunayen baftisma kuwa ba su da yawa. Ƙauye ɗaya zai iya tara Jean biyar, sai an bambanta su da laƙabi.

An fi daɗewa a kan sunayen sana'a. Maƙeri a arewa Lefebvre ne, a kudu Fabre ko Faure, duka daga kalmar Latin faber. A Bretagne kuwa, yankin da ke arewa maso yammacin Faransa, Le Goff ne. Don haka a fara gano yankin da dangin suka fito.

Laƙabin kama, irin su Petit, ƙarami, da Leroux, mai jan gashi, tamkar Dogo ko Gajere ne a wurinmu. Amma an yi gargaɗi: Leroy, wato sarki, ba jinin sarauta ba ne, galibi tsokana ce ga mai girman kai, ko wanda ya ci gasar harbi. Wannan gargaɗin ya fi burge ni. Dubois da Dupont kuwa mazaunin kusa da daji ko gada ne kawai.

Ga mai bin takardu, dokar sarkin Faransa ta 1539, wadda ake kira dokar Villers-Cotterêts, ita ce ta wajabta rajistar baftisma. A lura, limaman coci kan rubuta suna ɗaya ta hanyoyi dabam-dabam, yadda kunne ya ji.