Me ya sa ake yawan gwajin magani a ƙasashe matalauta?

Ɗalibar lafiya:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Me ya sa in za a gwada sabon magani ko rigakafi sai a nufi ƙasashe marasa ƙarfi? Abin na damuna wallahi, ina ganin kamar ana amfani da talaucin mutane ne kawai.

Tsohon nas:
Wa'alaikissalam ƙanwata. Ai cutar ake bi inda take, maleriya ba za ki yi babban gwajin rigakafinta a Ingila ba tunda ba ta yaɗuwa a can. Rigakafin maleriya mai suna RTS,S a Malawi da Ghana da Kenya aka fara saka shi cikin rigakafin yara na yau da kullum a 2019, kuma abin da aka gani can ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta amince da shi a 2021. Na Ebola ma a Gini aka gwada shi a 2015 ana tsakiyar annobar.

Baban Ilham:
Haka ne yallaɓai amma tsoronta na kan hanya fa. Mutumin da bai iya karatu ba kuma ba shi da kuɗin asibiti, in aka ce masa za a duba ɗansa kyauta ai dangwala hannu zai yi ko bai gane komai ba, toh wannan yarda ce? Yarjejeniyar Helsinki ta 1964, wadda ta tsara ƙa'idojin binciken lafiya a kan mutane, ta ce sai an yi wa mutum bayani ya amince da kansa, kuma yana da damar fita duk sanda ya so.

Ɗalibar lafiya:
Na gode sosai. Toh in an gama binciken, su waɗanda aka gwada a kansu suna samun maganin kuwa?