Shawarwari kan ɗora OpenWrt a ƙananan na'urorin intanet a karkarar Jigawa

Masu haɗa sola da masu gyaran kwamfuta daga yankin Ringim da Gumel sun tattauna kan yadda ake ɗora OpenWrt, wata ƙaramar manhajar Linux ta kyauta, a kan rauta (na'urar rarraba intanet) ko Raspberry Pi (wata 'yar ƙaramar kwamfuta). Ga abin da suka tsayar.

A fara duba na'urar. Mai ma'ajiyar 4MB da RAM 32MB a bar ta, ba za ta ɗauki sabon zubin OpenWrt ba. A nemi mai 16MB da 128MB zuwa sama. A ɗorin farko fayil ɗin "factory" ake sawa, "sysupgrade" na sabuntawa ne. Bayan nan a jona kwamfuta da na'urar ta kebul, don Wi-Fi a kashe yake zuwa, a shiga adireshin na'urar, 192.168.1.1, ta burauza. A sa kalmar sirri nan take. In modem ɗin layin ma wannan adireshin gare shi, a mayar da na rautar 192.168.2.1.

Maganar wuta ce ta fi ɗaukar lokaci, kuma ta cancanta. Raspberry Pi 4 na son 5V, 3A. Cajar waya ta kasuwa da siririn kebul kan rage ƙarfin, sai na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi, katin SD da manhajar ke ciki ya lalace. Gara a ja daga batirin sola 12V ta na'urar rage wuta, da fis a tsakani. OpenWrt na Pi zubi biyu ne, squashfs da ext4; zubin squashfs ya fi ext4 jure yankewar wuta.

Pi 4 ba shi da agogon da ke riƙe lokaci, sai ya samu intanet yake saita kansa.

A lokacin bazara kada a rataye shi ƙarƙashin kwano. Da zafinsa ya kai digiri 80 na Celsius zai rage gudu. Ƙurar hunturu kuma a riƙa hure ta.